Yadda Baba Ya Daina Gane Fuskokinmu

Da sunan Allah nake farawa, mai ba da lafiya, mai karɓar abin da ya so daga cikinta.

Mahaifina yana raye. Yana cin abinci, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana karanta Alƙur'aninsa. Idan ka zauna da shi za ku yi hira har ka gaji, ba za ka ce akwai abin da ke damunsa ba. Amma idan na shigo gida na tsaya a gabansa ban yi magana ba, bai san ko ni wane ne ba. Haka mahaifiyata, haka ƙannena, haka fuskarsa shi kansa a madubi. Likita ta ce mana sunan abin makantar fuska. Kafin mu ji wannan suna mun yi watanni muna yawo, har sai da ta kai mu ofishin 'yan sanda. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta, ko wani zai gane nasa da wuri.

Sunana Adamu. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Jalingo, ni ne kuma babba a gidanmu da ke unguwar Turaki. Mahaifina ana ce masa Malam Buba Dillali, domin tun kafin a haife ni dillancin shanu yake yi a tike, wato kasuwar shanu. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka ciniki ne kawai, alhali rabin aikin dillali sanin mutane ne. Mutum zai koro saniya daga ruga. Mahauci ko mai lodi zuwa kudu bai san shi ba, bai san ko saniyar tasa ce ko ta sata ba. Dillali ne zai tsaya ya ce, "Na san shi, ɗan wane ne, rugarsu tana wuri kaza." A kan wannan maganar ake biya. Baba ya yi suna a nan. Zai ga saurayi ya ce masa, "Kai ba jikan Ardo wane ba ne? Ga goshin kakanka nan," alhali rabonsa da yaron tun yana goye.

Yana da hawan jini, an daɗe da faɗa masa. Magani kuma sai ran da kansa ya yi ciwo yake sha. Mun yi magana har mun gaji mun bari.

Farkon damina ne abin ya same shi. Ya dawo daga sallar asuba yana cewa ƙeyarsa na sara, ya kurɓi kunu ya ture. Da ya tashi zai shiga ɗaki sai ya bugi ƙyaure da kafaɗar hagu, ya ja baya, ya sake bugunsa. Dada, mahaifiyata, ta kira ni a waya. Na taso daga Mayo Gwoi inda nake zaune da iyalina, muka sa shi a napep sai asibiti.

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin gwamnati ya san sauran. Layin kati, layin biya, layin awo, kowanne da tagarsa. Rana ta take kafin likita ya gan shi. Nas ɗin da ta auna jininsa sai da ta sake aunawa, sannan ta ce a nemo gado. Likita ya ce ƙaramin bugun jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, mu gode Allah bai shanye masa ɓarin jiki ba. Ya sa shi ɗaga hannu, ɗaga ƙafa, ya tambaye shi sunan gari da ranar mako. Duk ya amsa daidai. Ya ce da so samu ne a yi hoton ƙwaƙwalwa, amma a lokacin sai an fita gari ake samu. Da muka ga Baba na tafiya yana magana, ga kuɗin hoton da na mota ba kaɗan ba, sai muka ajiye zancen.

Ni na zauna jinyarsa a ɗakin maza. Ranar Juma'a na je gida na yi wanka, na sa farin yadi, na dawo na tsaya a gefen gadonsa ina duba ledar ƙarin ruwa. Sai ya ɗago kai ya ce, "Likita, yaushe za ku sallame ni? Kasuwa na jirana."

Na ce, "Baba, ni ne fa."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, "To. Farin kayan ne."

Mutumin gadon kusa da shi ya yi dariya, ni ma na yi. Da likita ya zo zagaye ban ma ambata ba.

Makon farko a gida 'yan dubiya suka cika zaure. A nan na lura ya sauya. Da can tun mutum na bakin ƙofa Baba zai kira sunansa da na ubansa. Yanzu sai ya yi shiru, ya bar baƙo ya fara magana, sannan ya amsa. Wanda ya yi doguwar gaisuwa ya kan gane shi a tsakiya, sai ka ga ya saki jiki. Wanda ya miƙo hannu kawai ya zauna, har ya tafi "Alhaji" ko "ɗan uwa" zai yi ta ce masa. Muka ce gajiya ce da magani.

Dada ce ta fara cewa abin ya wuce gajiya. Ta je gaisuwar rasuwa da sabon hijabin da ƙanwata ta ɗinka mata, ta dawo ta zauna a tsakar gida tana hutawa. Baba ya fito da buta, ya gan ta, ya sunkuyar da kai, ya gaishe ta a ladabce, sannan ya juya wajen madafi ya ce, "Ku fito, kun yi baƙuwa."

Ta ce, "Malam, lafiya?"

Ya ajiye butar ya koma ɗaki. Bai fito ba sai da aka kira magariba.

Washegari na same shi shi kaɗai na tambaye shi. Ba mutum ne mai faɗin ciwonsa ba, sai da na yi ta zagaye. Daga ƙarshe ya ce, "Ina ganin ido, ina ganin hanci, ina ganin baki. Komai na nan a wurinsa. Amma ba sa ce min komai. Kamar ka cika faranti da ƙwai ka ce in nuna maka na jiya." Ya ce ran da ya je aski ya ga wani tsoho ya zuba masa ido, har ya yi niyyar gaishe shi, sai ya ga tsohon ya ɗaga hannu tare da shi, ashe madubi yake kallo.

Daga nan shawarwari suka fara shigowa. Bappa Sale, ƙanin Baba, wanda shi ma a tike yake, ya ce yanar ido ce. Muka yi sammako muka kama layi a asibitin ido. Baba ya karanta allon har layin ƙasa, wanda ni kaina sai da na matse ido. Sun dai gano ba ya ganin abin da ke gefensa na hagu sai ya juya kai, wanda shi ne dalilin bugun ƙyaure. Na ce wa mai duba shi ba ya gane mutane. Ta ce bayan irin wannan ciwon akan samu ruɗewa, a hankali zai dawo. Aka ba shi tabarau na karatu. Bai ƙara masa komai ba.

Goggo Dudu, yayar Baba, ta zo daga ƙauye ta ce ita ba ta ga abin wahalar da kai ba. "Mutumin da ya fi kowa sanin mutane a tike, a ce yana ganin allura, yana ganin saniya, mutane kaɗai aka ɗauke masa? Ai wannan hannu ne. Abokan sana'arsa ne." Gaskiya a lokacin tata ce maganar da ta fi kama da abin da muke gani. Aka shiga rubutu da hayaƙi. Wani mai magani ya karɓi rago ya ba da ruwan ɗigawa a ido, idanun suka yi jawur suka kumbura, na ɗauke kwalbar na zubar. Malamin da ya yi masa ruƙiyya kuwa ina gode masa har gobe. Ya zo sau da dama, daga baya ya ja ni gefe ya ce, "Malam Adamu, ni ban ga alamar iska a jikin mahaifinka ba. Addu'a ba za mu fasa ba, amma ku koma asibiti." Ya kuma ƙi karɓar komai.

Wasu suka ce ruɗewar tsufa ce. Amma Baba zai lissafo maka cinikin da aka yi shekaru da suka wuce, da kalar saniyar da wanda ya saya. Sai wani ɗan uwa ya ce a gwada asibitin masu taɓin hankali, ya kuma faɗa a inda Baba ke ji. Tun daga ranar Baba ya rufe zancen. Duk wanda ya tambaye shi jiki sai ya ce ya warke. Mu kuma ya tara mu ya ce kada ya ji maganar a waje. "In tike suka ji dillali ba ya gane mutane, me ya rage masa?"

Rufewar ba ta hana mutane gani ba, sai dai sun ba abin wata fassara. Wata rana a bakin Kasuwar Jalingo na haɗu da Baba Yohanna, ɗan ƙabilar Mumuye mai sayar da doya, abokin Baba tun suna samari. Ya riƙe min hannu ya ce, "Adamu, na yi wa babanka laifi ne? Jiya a nan mun haɗu ido da ido, na ɗaga mishi hannu, ya wuce kaman ni itace ne. Ni da na je asibiti gaishe shi. In akwai magana ya faɗa mini." Na ce masa ciwon ne ya taɓa idonsa. Ya ce, "Ido? Na ga ya tsallake kwata lafiya lau." Surukin ƙanwata ma haka ta faru da shi, shi bai yi magana ba, ya dai daina zuwa.

Da damina ta yi nisa Baba ya koma tike. Mun hana, bai ji ba. Ya kuma iya ɓoyewa. Yana barin mutum ya fara magana, yana lura da tafiya da sanda da irin hula, ya kan bi bayan Bappa Sale ya ji sunan da zai kira. Makonni suka wuce ba a samu matsala ba, har muka fara cewa ko sauƙi ne ya samu.

Abin da ya faru daga baya, daga bakinsa na ji. Wata ranar kasuwa Bappa Sale ya je rakiyar wasu masu lodi. Sai ga wani saurayi dogo da malfa, ya koro bijimai biyu, ya durƙusa a gaban Baba ya gaishe shi da Fulatanci ya ce, "Jam na, Baba Buba?" Ya ce shi ɗan Ardo Jibo ne, mahaifinsa ya ji labarin rashin lafiya, ya ce a gaishe shi, ya kuma ce kada a kai bijiman hannun kowa sai nasa. Ardo Jibo tsohon mai hulɗa da Baba ne, yana kuma da ɗa dogo mai irin waɗannan shekaru. Baba ya san yaron a fuska, amma bai san muryarsa sosai ba, don yaro ne mai kunya, ba ya magana a gaban manya. Ya ce min ya kalli saurayin ya kalle shi, bai samu komai ba. Ya ce in ya tsaya tambayoyi, na kusa za su ce yau Buba ne ke tambayar ɗan Ardo Jibo ko shi wane ne. Sai ya tsaya masa. Aka yi ciniki, saurayin ya karɓi kuɗi ya tafi.

Bijiman na sata ne. Masu su suka bi sawu har suka samu ɗaya a hannun mahauci, mahauci ya ce ga wanda ya tsaya. Da safe 'yan sanda suka zo gida suka tafi da Baba, na bi su ofis.

Jami'in da ke riƙe da maganar bai ci mutuncinsa ba da farko. Ya ba shi kujera ya ce, "Malam Buba, kowa a tike ya ce ba ka manta fuska. Kwatanta mana mutumin."

Baba ya ce, "Dogo ne. Da malfa."

"Fari ko baƙi? Yana da tsaga? Gemu fa?"

Baba ya ce ba zai iya faɗa ba.

Aka shigo da wasu samari da ake zargi, cikinsu har da ɗan Ardo Jibo na gaskiya, wanda aka kamo saboda an ambaci sunansa. Aka ce ya nuna. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce bai sani ba. Nan jami'in ya sauya fuska. Ya ce ko dai Baba yana rufa wa ɓarawon asiri, ko tare suke. A nan na karya dokar da ya sa mana. Na ce, "Ranka ya daɗe, tun da ya yi ciwo ba ya gane fuska. Ko ni ɗansa ba ya gane ni sai na yi magana." Baba ya juyo wajen muryata ya harare ni.

Jami'in ya ce shi bai taɓa jin mutum yana karatu amma ba ya gane ɗansa ba. Ya ce yanzu za a gani. Ya sa aka shigar da Baba wani ɗaki, ya ce in cire hula, ya miƙo min rigar ruwa ta wani ɗan sanda na ɗora a kan kayana. Ya tara wasu maza da suka zo belin 'yan uwansu, ya jera mu a tsakar ofishin, ya ce kada wanda ya yi ko tari. Sannan aka fito da Baba.

"Nuna mana ɗanka."

Baba ya bi layin a hankali. Da ya zo kaina ya tsaya, ya dubi fuskata sosai, har ina jin numfashinsa. Ya dubi ƙafata. Sai ya wuce. Can ƙarshen layi akwai wani mai shuɗin kaftani irin wanda ya ga na sa da safe. Ya ɗora masa hannu a kafaɗa.

Mutumin ya ce, "Baba, yi haƙuri, ba ni ba ne."

Baba ya sauke hannunsa daga kafaɗar mutumin. Ba wanda ya yi dariya. Jami'in ya ce a ba shi kujera, ya ce ya ga masu ƙarya iri-iri amma wannan ba ya cikinsu. Ya ce za a ba da beli, mu kawo bayanin likita. Bappa Sale ya tsaya, aka ce sai an samu mutum na biyu mai gida a gari. Muna cikin buge-bugen waya sai ga Baba Yohanna, labari ya iske shi a kasuwa ya bar doyarsa ya taho. Da ya ji abin da ya faru ya zauna kusa da Baba ya ce, "Buba, ni ne Yohanna. Wannan ne ka ɓoye? Ni ina can ina tunanin abin da na yi maka." Shi ya tsaya na biyu.

An saki ɗan Ardo Jibo a ranar. Maganar ta koma hannun shugabannin tike, Baba ya sayar da wasu daga cikin shanunsa aka biya masu bijimai. Saurayin mai malfa har yau ba a same shi ba.

Bayanin likitan da aka nema shi ya sa muka koma asibiti, aka tura mu Gombe wajen likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Hanyar ta ba mu wuya, muka kwana wajen wani ɗan uwa, aka yi hoton, muka jira layi ya zo kanmu. Likitar mace ce, ba ta da yawan shekaru, Hausarta kuma tsaf. Ita ce ta farko da na ce wa ba ya gane mutane ta ajiye biro ta ce, "Faɗa min yadda abin yake."

Ta karɓi wayata ta riƙa nuna masa hotuna. Ta nuna masa Dada, ya ce mace ce mai hijabi, ta manyanta. Ta nuna masa hotonsa na Sallar bara, ya ce bai san dattijon ba, amma hular irin tasa ce. Ta sa na kunna saƙon murya na ƙanwata, kafin ta gama sallama ya faɗi sunanta. Ta tambaye shi shanu fa. Ya ce shanu kam yana gane su, ga ƙaho ga launi ga tafiya. Ta ce ya gode Allah, akwai waɗanda har wannan suke rasawa.

Sannan ta juyo da hoton ƙwaƙwalwar ta nuna mana wani tabo ta wajen ƙeya, ɓangaren dama. Maganarta ta zauna min, zan faɗe ta yadda na riƙe. Ta ce, "Ido aikinsa ɗauko hoto ne kawai. Mai cewa wannan wane ne yana can baya. Jijiyar da ke kai masa jini ce ta toshe. Baba ba hauka yake ba, ba ruɗewar tsufa ba ce, kuma idonsa ba shi da laifi." Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, dogo ne, har yau ba na iya faɗinsa daidai, ta ce mu kira shi makantar fuska. Ta ce wasu bugun jini ke jawo musu, wasu buguwa a kai, wasu kuma da shi aka haife su, su girma ana ce musu masu girman kai, su kansu ba su san sauran mutane na ganin abin da ba sa gani ba.

Baba ya ce, "Likita, zai dawo?"

Ta ce, "Ba zan yi maka alƙawari ba. Wasu kan samu ɗan sauƙi, da yawa haka suke zama. Ba ni da ƙwayar da zan ba ka a kansa. Abin da zan iya tarewa shi ne bugu na biyu, shi ma sai in kana shan maganin hawan jini kullum, ko kanka na ciwo ko ba ya yi. Sauran kuma sai ka daina ɓoyewa. Mutane za su taimake ka in sun sani."

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Numan. Can ya ce, "Ashe yana da suna."

Bayan mun dawo da 'yan kwanaki, an idar da la'asar a masallacin unguwa, sai ya miƙe ya nemi liman ya ba shi dama. Bai yi shawara da kowa ba. Ya ce, "Jama'a, Allah ya jarrabe ni da wani ciwo. Ina ganinku sarai, amma ba na gane fuskarku, har ta iyalina. Duk wanda na wuce ban gaishe shi ba, ya yafe min. Daga yau wanda ya gamu da ni ya faɗi sunansa." Ya zauna. Da aka fito mutane suka yi layi suna miƙa masa hannu, kowa na faɗin sunansa, har waɗanda suke sahu ɗaya da shi tun kafin a haife ni. Gidan surukin ƙanwata kuma da ƙafarsa ya je.

Yanzu ga yadda muke zaune. Duk mai shigowa gida zai yi sallama ya faɗi sunansa, har jikoki. Dada ta daina sauya awarwaron hannunta, da ƙararsu yake sanin tana kusa. Tsofaffi masu tsaga a fuska ya kan gane su da tsagar. Samari masu gemu da hula iri ɗaya kuwa duk ɗaya ne a wurinsa. Ya bar kallon talabijin ya koma rediyo. Taron biki ko jana'iza na gajiyar da shi ƙwarai, ya kan dawo ya kwanta kamar wanda ya yi noma. A tike yana zama da Bappa Sale. Bappa ke tsaya wa mutane, Baba ke duba dabba ya yanke kuɗinta, la'adar su raba. Ta ragu, amma tana riƙe da gidan. Maganin hawan jini Dada ke miƙa masa da kunun safe.

Ina da ƙorafi, ba zan ɓoye ba. A duk layukan da muka bi kafin Gombe ba a samu wanda ya tsaya ya saurari wannan magana ɗaya ba. Akwai kuma masu zuwa su tsaya a gabansa su yi shiru suna murmushi, sai can su ce, "To wane ne ni?" Su a ganinsu wasa ne. A wurinsa kuwa ba wasa ba ne. Akwai masu cewa ai jiya ya gane su, don haka yana sane yake yi, ba su san da murya ya gane su ba. Goggo Dudu har yau tana kan bakanta, ta ce likita ta faɗi inda ciwon yake amma ba ta faɗi wanda ya aiko shi ba. Na daina musu da ita.

Godiya kuma ta fi yawa. Ga nas-nas ɗin da suka kula da shi, da malamin ruƙiyya, da likitar Gombe, da Bappa Sale, da Baba Yohanna. Har jami'in nan ina gode masa, duk da ban so yadda ya yi ba.

Wanda nasa ya yi bugun jini ko ya bugu a kai, ya tashi lafiya amma ya koma jiran mutane su fara magana, ko yana kiran na gida da sunan baƙi, kada a ce gajiya ce a bari. A tambaye shi shi kaɗai, a hankali, a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, a faɗi abin ƙarara. Kada kuma a ambaci hauka a inda yake ji.

Kwanan baya mura ta kama ni har muryata ta dushe gaba ɗaya. Na biya Turaki bayan la'asar da sabon ɗinki a jikina, na cire takalmi a waje, na shiga zaure. Baba na zaune a tabarma shi kaɗai. Na yi sallama, iska kawai ta fito. Na durƙusa a gabansa ina nuna maƙogwarona.

Ya dube ni ya ce, "Sale ne?" Na girgiza kai. Ya kira sunan ƙanena, na girgiza. Ya kira na mijin ƙanwata, ya kira na ɗan liman, ya kira na wani maƙwabci. Duk ina girgiza kai. Sunaye suka ƙare masa.

A gidanmu, kamar gidajen Fulani da yawa, uba ba ya faɗin sunan ɗansa na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin nawa a bakinsa ba. In zai kira ni "kai" ne, in yana zancena da Dada "yaron nan" ne, har na yi aure na haihu. Ya daɗe yana kallona. Ya waiga ƙofar cikin gida ya ga ba kowa. Sannan ya rage murya ya ce, "Adamu ne?"

Na gyaɗa kai.

Ya ce, "To. Zauna. A dafa maka citta."

Na zauna. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri.